Ɗaurin aure ƙarfe biyu, Arsenal ƙarfe huɗu, Najeriya ƙarfe tara

Laraba, 24 ga Disamba 2025

Abban Nana: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na shiga wani hali, kuma nan ne kaɗai zan faɗa ba a ce na zare ba. Asabar ɗin nan 27 ga wata za a ɗaura auren ƙanwar maiɗakina a ƙauyensu, can gaba da Gaya. Ɗaurin aure ƙarfe biyu. Arsenal da Brighton ƙarfe huɗu. Najeriya da Tunisiya a kofin Afirka da ake yi a Maroko, ƙarfe tara na dare. Tun wata biyu da suka wuce surukata ta ce motata ce za ta ɗauko amarya zuwa Kano, na sunkuyar da kai na ce "to Hajiya, ba komai", ban duba jadawali ba. Garin babu gidan kallo. Sabis ma sai ka hau tudun bayan firamare ka ɗaga waya sama.

Ni tun 1999 nake Arsenal, tun ranar da Kanu ya zura wa Chelsea uku a gidansu cikin minti 15 na ƙarshe, bayan suna cin mu biyu da nema. Shekara 21 rabonmu da kofin Firimiya. Bana muna saman teburi da maki 39, City na huci a ƙeyarmu da 37. A irin wannan makon ne za a ce in tafi inda ko sakamako ba zan gani ba? Mai dabara ya taimaka.

Na Stamford: Wa'alaikassalam. Tafi bikinka hankali kwance, Allah ne ya dube ka. Wa ya gaya maka zama saman teburi ranar Kirsimeti alheri ne a gidanku? Sau huɗu kuka taɓa yi a tarihin Firimiya: 2002, 2007, 2022, 2023. Kofi nawa a ciki? Ko ɗaya.

Abban Nana: Na san kai za ka fara fitowa. Maganar Kanu ce ta sosa maka inda yake ƙaiƙayi.

Na Stamford: Ka tuna 2023? Ranar 28 West Ham ta zo har Emirates ta ba ku biyu babu ko ɗaya. Ranar 31 Fulham ta ƙara muku 2-1. Kwana huɗu, maki shida sun bi ruwa. A watan Mayu City ta ɗauki kofi da 91, kuna da 89. Makon nan na ƙarshen shekara shi ne makabartarku, gara kana can kana cin shinkafar biki ka ji labari daga baya.

Jan Shaiɗan: Na Stamford ka bar shi, yaron kirki ne. Ni dai abin da na sani, ranar Juma'a duk duniya mu za a kalla. Wasa ɗaya tal, United da Newcastle, ƙarfe tara. Ko kana so ko ba ka so.

Abban Nana: Ƙungiyar da ta ƙare ta 15 a kakar da ta wuce ita ce ke bugun ƙirji? Mbeumo ya tafi wa Kamaru, Amad ya tafi wa Kwaddibuwa, Mazraoui yana Maroko, Bruno ya ji ciwo a wasan Villa. Da wa za ku buga, da masu share fili?

Baba Mai Rediyo: Yara ku dakata in tambaya. Da gaske wasa ɗaya za a yi ranar 26? Ni tun ina sauraron sakamako a rediyo, washegarin Kirsimeti ranar ƙwallo ce a Ingila, kowa da kowa na fita.

Ɗalibi a Leeds: Gaskiya ne Baba, kuma a nan ma mutane sun yi ta ƙorafi. Hukumar Firimiya ta ce gasannin Turai ne suka cinye ranaku. Tun da aka mai da Kofin Zakarun Turai ƙungiya 36, kowacce na buga wasa takwas a zagayen farko har cikin Janairu, tsakiyar mako ta yi wuya. Ga kuma alƙawarin da suka yi wa masu haska wasa na ƙarshen mako 33. To bana 26 ga wata ta faɗo Juma'a, sai suka bar wasa ɗaya a ranar suka tura sauran Asabar da Lahadi. Sun ce baɗi za a dawo da wasanni da yawa tunda ranar za ta faɗo Asabar.

Baba Mai Rediyo: Kuɗi ke nan dai. Allah ya kyauta. Bari in ba ku wani labari da yawancinku ba a haifi iyayenku ba ma lokacin, ni kaina daga baya na karanta. Ranar 26 ga Disamba 1963, wasa goma aka yi a babban rukunin Ingila, aka ci ƙwallo 66. Fulham ta yi wa Ipswich 10-1. Blackburn ta je gidan West Ham ta yi mata 8-2. Burnley ta casa Manchester United 6-1. Abin da ya fi ba ni dariya, a zamanin in kun haɗu ranar 26, bayan kwana biyu za ku sake haɗuwa a ɗaya gidan. Ranar 28 Ipswich ɗin nan da aka yi wa goma ta doke Fulham 4-2, West Ham ta je ta ci Blackburn 3-1, United ta rama wa Burnley 5-1. Wannan shi ne makon Kirsimeti. Ƙafa ta gaji, fili ya yi caɓi, ƙarami ya kayar da babba. Da har ranar Kirsimetin kanta suna bugawa, sai 1965 aka yi na ƙarshe, Blackpool da Blackburn.

Jan Shaiɗan: Baba, cikin duk tarihin duniya 6-1 ɗinmu ka tono?

Baba Mai Rediyo: Ai na faɗi ramuwar, ɗana. Adalci na yi.

Maman Ilham: Ina karantawa ina dariya ni kaɗai. Abban Nana, tsakani da Allah, matarka ta san kana nan kana neman hanyar zillewa bikin ƙanwarta? Ni fa 'yar Liverpool ce, ba wai ban san daɗin abin ba. Amma ku maza ba ku san yadda watan nan yake mana ba. Yara sun yi hutu suna gida, kowace Asabar biki biyu ko uku saboda kowa jira yake a rufe makarantu, ga baƙi daga Abuja da Legas. A nan ne kuma Turawa suka ga damar jera wasa duk bayan kwana uku. Maigidana cikin Disamba sai dai mu ga ƙeyarsa. Ya dawo sha ɗaya da rabi na dare, jiki duk ƙura, hanci a toshe, in sun ci ya tashe ni ya ba ni labari, in an ci su ko sallamar kirki babu.

Abban Nana: Anti ban ce zan zille ba. Dabara na ce.

Maman Ilham: Dabarar ita ce ka sa babbar rigarka ka tafi. Arsenal ba ta san da kai ba. Hajiya kuwa ta san da kai, kuma in motar amarya ta makara, har jikokinka sai sun ji labari.

Na Stamford: Anti, yaya Salah? Na ga ya ci wa Masar Zimbabwe a minti na ƙarshe, ga ku kuna nan an karya muku Isak.

Maman Ilham: Ka bar kaza cikin gashinta. Mu ne masu riƙe da kofi har yanzu, a yi mana magana da ladabi.

Mai Gidan Kallo: Ni kam ku bar ni da nawa ciwon kan. Shekara tara ina wannan sana'a ban taɓa ganin Disamba irin ta bana ba. Da can kofin Afirka Janairu ake farawa, yanzu saboda gasar ƙungiyoyi ta duniya da aka yi a Amurka da damina an turo shi 21 ga Disamba, ya hau kan Firimiya daram. Talabijin uku gare ni, sifika ɗaya. Hoto ba matsala ba ne, kowa zai ga nasa. Rigimar kullum a kan sauti take. Ranar Asabar ƙarfe huɗu Arsenal na wasa, Liverpool na wasa da Wolves, kowane ɓangare zai ce nasa za a sa wa murya. Na yi doka, a ƙirga kai a bakin ƙofa, masu yawa su ɗauki sifika. Sai 'yan Arsenal suka koma shigo da ƙannensu 'yan firamare suna biya musu don a ƙirga da su.

Ga mai. Wuta ba ta zuwa sai an tashi daga wasa, kamar da gayya. Daga ɗaya da rabi na rana da City za ta buga da Forest har sha ɗaya na dare da Najeriya za ta gama, inji ba zai huta ba. Ƙurar hunturun nan kuma shiga take cikin inji, duk kwana uku sai na wanke matatar iska. Mutane na ganin ɗari biyu-biyun da nake karɓa suna cewa na yi kuɗi. Su zo su ga abin da kamfanin dikoda da gidan mai suke bar mini.

Ɗalibi a Leeds: Oga, ka gode wa Allah, ku fa kun fi mu morewa. Abin da mutane ba su sani ba, a nan Ingila an hana haska kowane wasa kai tsaye ranar Asabar daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata, don kada mutane su daina zuwa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Wato wasan Arsenal da Brighton ɗin nan, ɗan Landan da bai sami tikiti ba ba zai gan shi a talabijin ɗin gidansa ba, amma yaro a Kurna zai gani da naira 200. Ni da nake Leeds, ƙanena ne a Kano yake turo min "an ci" kafin in gani a waya. Ga duhu tun ƙarfe huɗu, ga sanyin da hunturunmu wasa ne a kansa. Ranar Kirsimeti ko jirgin ƙasa babu, gari tsit.

Mai Gidan Kallo: To ka dawo mana, akwai benci.

Malam Ƙarami: Tunda ana maganar lokuta, hannunka mai sanda. Agogon sanyi ya yi mana gata, tunda yanzu mun riga Ingila da awa ɗaya. Wasan huɗu yana farawa an idar da la'asar, ya ƙare kafin magariba. Na shida da rabi ana sallame magariba ake take shi. Wanda ke kama mutane shi ne na Lahadi biyar da rabi, ana kiran sallah saura 'yan mintuna a tafi hutun rabin lokaci, sai ka ga mutum yana leƙen allo yana cewa bari a busa. Sai kuma yaran da ke shigowa da 'yar takardar caca a hannu, ba ƙungiya suke goyon baya ba, lissafi suke. Mai gidan kallo, wannan a wuyanka yake.

Mai Gidan Kallo: Malam, ana kiran magariba nake kashe inji, kowa ya sani. Mai ma ya huta. Masu takarda kuwa na kore su sun fi sau goma, yanzu a waya suke yi, ba zan bi aljihun kowa ba.

Sai Masu Gida: Duk na karanta. Mutum goma sha, ba wanda ya ambaci ƙungiyar garinsa. Kun san raunin da ke ƙafar Bruno, kun san wanda ya ci ƙwallo a 1963, amma in na ce ku lissafa 'yan wasan Pillars biyar ban da Ahmed Musa da Rabi'u Ali sai ku fara tari. Ƙungiyar da ta ɗauki gasar ƙasar nan a 2008, ta zo ta jera 2012, 2013 da 2014. Bana ga Barau ta hau, ga Wikki ta dawo, ga Katsina United, ga El-Kanemi. Ku kuna nan kuna kashe aure a kan Brighton.

Na Stamford: Yaya, ba ƙi muke ba. Nuna min tashar da zan kunna duk Lahadi in ga Pillars tar kamar yadda nake ganin Chelsea. Kuma ka san dalilin da ya sa wasu suka daina kai 'ya'yansu fili.

Sai Masu Gida: Na sani, kuma ban kare masu tayar da hankali ba. Amma in masu hankali duk suka koma gidan kallo, wa kuka bar wa filin? Ɗalibi ya gaya muku yanzu, Bature da kansa ya kashe talabijin ranar Asabar don mutanensa su je su kalli ƙungiyar unguwarsu. Mu muka ɗauki wasan nasa muka rungume.

Baba Mai Rediyo: Nan kam ka faɗi gaskiya. Zamanin Raccah Rovers da ƙafa muke tafiya fili tun azahar don mu sami wuri.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan lahiya lau muke kallon balo, ba mu da hawan jini, tunda Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ba ta tai Maroko ba. Faransa sun tai hutu, Jamus sun tai hutu, Ingila kuwa ta ƙi zama. Abban Nana, shawarata ka sai rediyo ƙarami ka sa aljihu, kakanninmu da shi sunka yi.

Zango Boy Kumasi: Ɗan Maraɗi kai ma kana da bakin magana?

Ɗan Maraɗi: Ina da shi mana. Wa ya zo har Accra ya ba ku 2-1 bara? Mu ba mu tai ba, ku ma ba ku tai ba, kuma ku ne na ƙarshe a rukuni.

Zango Boy Kumasi: Ba komai. Mu muna shirin Kofin Duniya. A tambayi masu gidan nan ko sun samu biza, ko Kongo ta riƙe musu fasfo.

Jan Shaiɗan: Admin a fitar da wannan.

Admin: Ba wanda za a fitar, gaskiya ya faɗa, da fenareti suka cire mu muna ji muna gani. A koma kan maganar Abban Nana, har yanzu ba a ba shi amsa ba.

Na Stamford: To ga lissafi. Ɗaurin aure ba ya wuce minti 20. A ci abinci, a gaisa da surukai, uku da rabi ka yi la'asar. Huɗu saura ka ce za ka je duba iskar taya, ka hau tudun firamare da cajin waya cike. Shida saura an tashi. Ana magariba ka sa amarya a mota, takwas kuna Kano, tara kana benci.

Maman Ilham: Wannan lissafin wanda bai taɓa kai amarya ba ne. Ana magariba? Sai an kai ta ɗakin kowane kawu ya yi nasiha, sai ta rungume uwarta an ɓamɓare ta, sai an nemi gwaggon da ta tafi alwala da makullin akwati a hannu. In kun bar garin kafin takwas ku yi sadaka.

Asabar, 27 ga Disamba

Jan Shaiɗan: Kafin a fara na yau, a rubuta: United 1, Newcastle 0. Dorgu. Masu share fili sun gaishe ku.

Na Stamford: City ta ci Forest 2-1, ta hau sama. Abban Nana ana can ana cin alkaki an sauka daga teburi.

Abban Nana: Ina kan tudu. Mu bakwai ne a nan, har da ƙanin ango da wani ɗan liman. Hoto ba ya tafiya, sai rubutu. Wani ya rufa min asiri ya riƙa turowa.

Mai Gidan Kallo: Odegaard ya ci. Ɗaya.

Mai Gidan Kallo: Biyu, sun ci gida da kansu.

Mai Gidan Kallo: Brighton ta farke ɗaya. Raya ya cire wata da yatsa, wallahi da ta shiga da an fasa min benci.

Abban Nana: Saura minti nawa? Sabis ya ɗauke. Don Allah wani ya yi magana.

Na Stamford: An farke, 2-2.

Maman Ilham: Ƙarya yake, kar ka faɗo daga tudu. An tashi 2-1, kun koma sama.

Lahadi, 28 ga Disamba

Abban Nana: Na Stamford, tukuna, yaya Villa? Watkins ya shigo daga benci ya ba ku biyu a gidanku. Allah ya saka min tun kafin in iso Kano.

Anti Maman Ilham, na sara miki. Takwas da minti ashirin muka tashi. Ba makullin akwati ba ne ya ɓata, takalmin amarya ne ƙafa ɗaya. Mota ta cika, amarya a tsakiya tana sheshsheƙa ƙarƙashin mayafi, gwaggonninta biyu a gefe, wata tsohuwa a gaba riƙe da kwanon cincin a cinya. Ga hazo, fitila ba ta wuce tsawon taku goma, ga tsohuwa na cewa a tafi a hankali ɗiyar mutane aka ɗauko. Muna shiga Wudil na hango shuɗin haske a rumfar wani mai shayi, mutane sun yi cincirindo cikin rigunan sanyi. Na faka na ce zan duba ruwan mota. Na buɗe gaban mota na bar shi a ɗage, na zagaya. Ban yi minti uku a tsaye ba Lookman ya ɗago ta, Osimhen ya sa kai. Na manta da babbar riga a jikina, na rungume wani mai facin taya da ban taɓa gani ba.

Na dawo na rufe mota ina haɗe fuska. Tsohuwar nan ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ruwan motar ne ya sa ka ihu?" Na yi shiru. Ta ce, "Wa ya ci?" Na ce mu ne, Inna. Ta ce, "To madalla, ja mu je, sauran ka ji a akwatin motar." Ashe jikokinta sun saba mata. Da rediyo muka ƙarasa, Ndidi ya ci ta biyu muna hanya, ta ukun Lookman ta same mu muna shiga unguwar ango. Na ce shi ke nan, na kashe, na shiga sauke kaya. Ina ɗauke da akwati a ka na ji yaran layin sun yi tsit, na tambaya aka ce 3-2, an ba Tunisiya fenareti. Da akwatin amarya a kaina na tsaya a tagar wani gida har aka busa.

Maman Ilham: Amarya fa, ta daina kukan?

Abban Nana: Tun a Wudil. Da muka isa ma ta leƙo ta mayafi ta ce min, "Yaya, nawa-nawa?"

Na Stamford: Talata kuna da Villa ɗin nan, tara da kwata. Sun ci wasa 11 a jere. Ka nemi wani bikin.

Abban Nana: Talata ina gida. Najeriya da Yuganda ƙarfe biyar, mu tara da kwata, na riga na gaya wa kowa ba ni da lafiya ranar.

Mai Gidan Kallo: In za ka zo ka zo da wuri, kuma ban da ƙanne. Na daina ƙirga wanda bai kai tsawon ƙofa ba.

Abban Nana: Yanzu maiɗakina ta shigo. Wai Hajiya ta ji daɗin tuƙina, ta ce Talata da yamma ni zan mayar da su Inna gida.